Tsohuwar mota mai ƙarfi da ke neman gyara: 330i, 335i, Golf GTI ko Lexus IS 350?

Ɗan maƙwabcina ya tare ni a ƙofar gida bayan la'asar, waya a hannu. "Yaya, don Allah duba min waɗannan." Hotunan motoci huɗu ne da dillalai suka turo masa: BMW 330i ta 2003, BMW 335i ta 2008, Golf GTI ta 2007, da Lexus IS 350 ta 2007. A ƙarƙashin kowace an rubuta magana iri ɗaya: sai ɗan gyara kaɗan. Shekara uku yana tara kuɗi, bai taɓa mallakar mota ba, da Corolla ɗin babansa ya koyi tuƙi. Na san abin da ke cin ransa, domin ni ma ta wannan ƙofar na shigo, da 330i. Abin da na faɗa masa a yammacin nan shi nake son in shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ne ke kwana yana kallon irin waɗannan hotuna ba.

Abin da ya sa kuɗinsa suka kai ga motocin da a da sai manyan masu hali, shi ne mota mai ƙarfi tana saurin faɗuwa a kasuwa. Kayan gyaranta kuwa ba sa faɗuwa tare da ita. Famfon mai na 335i bai san motar ta tsufa ba, farashinsa na motar masu kuɗi ne har gobe. Maganar gudu kuma a ajiye ta gefe, domin dukkansu huɗun sun fi ƙarfin abin da titunanmu za su ɗauka. Ni abin da nake aunawa shi ne: me ke lalacewa a jikinta, tana yin gargaɗi kafin ta kwanta, akwai wanda zai gane ciwon a garinku, kuma ina za a samo kayan.

Bari in fara da wadda na fi sani. 330i ta 2003, zubin da ake kira E46, tana ɗauke da injin M54, lita 3, silinda shida a jere, ba turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi. Ta Turai ƙarfin doki 231 ne, ta Amurka 225. Tayoyin baya ne ke tura ta. Duk wanda ya riƙe sitiyarinta ya san dalilin da ya sa mutane ba sa rabuwa da ita: yana da ɗan nauyi, kuma yana sanar da hannunka abin da taya ke takawa. Injin kansa mai juriya ne, kaca ce a cikinsa ba bel ba. Rauninta a wajen ruwa yake. Tankin ajiyar ruwa roba ne, wuyan lagireto roba ne, gidan tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, shi ma roba ne. Robar da ta shekara ashirin tana shan zafin inji, sannan ta zo ta haɗu da ranar Afrilu ta ƙasarmu, ta zama kamar tsohuwar ƙwarya, jira take a taɓa ta.

Wata biyu da sayen tawa na kama hanyar Zariya daga Kano. Na wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai na ji wani ƙauri mai zaƙi-zaƙi yana shigowa, kamar an ƙona sukari. Fitilar ƙarancin ruwa ta kama, amma allurar zafi tana nan daram a tsakiya. Na sauka gefen titi na kashe. Da na ɗaga bonet, sai ga tsaga siririya, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, a gefen tankin, ruwa na tsartuwa yana faɗawa kan ƙarfe yana cuwww. Wani dattijo mai sayar da rake ya taso ya leƙa, ya ce, "Ɗana, zuba mata ruwa ka lallaɓa, ai ka kusa." Da alheri ya faɗa, kuma da Fijo 504 ce da maganarsa ta zauna. Na gode masa, na kira aka jawo ta. Daga baya na fahimci abin da Allah ya tsare ni daga gare shi. An tsara allurar zafin E46 ne ta tsaya a tsakiya ko da zafin ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, don haka ranar da ka ga ta tashi zuwa ja, abu ya riga ya yi nisa. Jikin injin na alminiyam ne. In ya tafasa sosai, top silinda ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, wani lokacin har zaren ramukan da ake ɗaure top ɗin ya zare, sai ka ji ana maganar neman wani injin Beljiyam.

Wanda ya sayar min ya ce famfon ruwa kawai take so. Da makanike ya buɗe sai ya tarar an ƙwaƙule cikin tamostat ɗin, an bar gidan fanko. Wannan al'ada ce da ta yaɗu a garejinmu, wai don mota ta sha iska tunda ƙasarmu da zafi. A irin waɗannan injina illa ce: inji ba ya kaiwa zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kwamfutarsa ta ci gaba da ɗura masa mai kamar yanzu aka tayar da shi, mai ya tafi a banza, kuma ainihin abin da ya jawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba. Shi ya sa nake gaya wa duk mai son E46 ya lissafa kayan ruwa gaba ɗaya a cikin kuɗin motar tun kafin ya biya: lagireto, tanki da murfinsa, famfo, tamostat, tiyo-tiyon, da fanka. A canza su rana ɗaya, a zuba ruwan lagireto na ainihi, a bar ruwan rijiya da na leda.

Sauran cututtukanta sanannu ne. Tana yoyon baƙin mai ta gasket ɗin murfin sama da na gidan filta. Robobin VANOS, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, suna sakin jiki, sai ka ji ƙarfinta ya ragu lokacin da inji ke juyawa a hankali. Bush-bush ɗin ƙafar gaba suna mutuwa da wuri a kan ramukanmu. Injin ɗaga gilas yana tsinkewa. Akwai guda ɗaya da ba a gani sai an shiga rami: ƙarfen ƙasan motar a baya, inda aka ɗaure abin da ke riƙe da ƙafafun baya, yana tsagewa. Gyaransa sai an sauke bayan gaba ɗaya an yi walda an ƙara faranti. In motar ta sha wasan juyi a hannun samari, kuma da yawansu sun sha, wurin nan ne zai fara tona asiri.

Duk da wannan jerin, ina ganin kirkinta. Ciwonta ido yana gani, hanci yana ji. Tana da sandar auna baƙin mai, tana da safaya a but. Nozul ɗinta irin na da ne, mai fesa mai a bakin bawul, don haka tana haƙuri da fetur ɗinmu fiye da masu turbo. Kayanta na nan a kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. Mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba zai iya koyon canza fulogi da koyil da filta a kanta cikin yini guda. Babban cikas ɗinta shekaru ne. Samun wadda ba a wahalar ba ya yi wuya, kuma sau da yawa za ka ga 330i a rubuce a but, a ciki kuwa injin 325i ne mai lita 2.5 aka dasa.

Da muka zo kan 335i sai na ga idon yaron ya canza. Ita yake so, sauran ukun rakiya suka yi. Ban ga laifinsa ba. Injin N54 ne, lita 3, turbo biyu ƙanana, ƙarfin doki 306 a lissafin Turai, kuma ƙarfin jansa yana zuwa tun daga ƙasa, da ka ɗora ƙafa a totur sai bayanka ya manne da kujera. Wannan inji ya ci kyautar gwarzon injin duniya a 2007 da 2008. Ana iya ƙara masa ƙarfi mai yawa ta hanyar sauya lissafin kwamfutarsa kawai, abin da ya sa samari a ko'ina suke haukarsa. Amma na ce masa, in dai shawarata yake nema, kada ita ta zama motarsa ta farko, balle wadda aka ce tana neman gyara.

Ga dalili. N54 yana fesa fetur ne kai tsaye cikin silinda, don haka famfon mai biyu gare shi: na cikin tanki, da wani mai tsananin matsi a jikin inji. Wannan na biyun ya ba da wahala har BMW ta kira motoci kusan 130,000 a Amurka a watan Oktoba na 2010, ta kuma tsawaita garantinsa zuwa shekara goma ko mil 120,000. Motar 2008 ta daɗe da fita daga wannan inuwar, kuma dama inuwar ba ta taɓa kaiwa nan ba. Alamarsa ita ce mota ta daɗe tana ƙugi kafin ta tashi, daga baya ana cikin tafiya ta rage ƙarfi da kanta, hoton rabin inji ya fito a dasbod. Nozul shida ɗin nata masu tsada ne, kuma kowane yana da lambobin da dole a shigar wa kwamfuta in an canza shi. Tunda fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shan iska ya wanke su, baƙin dauɗa yana taruwa a kansu har sai an buɗe an kankare. Turbo ɗin suna fara kaɗa wata ƙara kamar ana girgiza gwangwani, kuma sauke su aiki ne na wuni da wuni. Famfon ruwanta na lantarki ne, shi kuwa ba ya yoyo ba ya ƙara, rana ɗaya kawai zai tsaya. Babu sandar auna baƙin mai, sai ka tambayi dasbod. Babu allurar zafin ruwa, ta zafin mai ce kawai. Babu safaya, domin an ƙera ta da tayoyin da ke iya ɗan tafiya bayan sun yi faci, kuma yawancin masu ita a nan sun daɗe da komawa taya ta gama-gari. Ko batir ka canza, sai an sanar da kwamfuta.

Amma ba yawan kayan ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne alama ɗaya tana iya zama ciwo biyar. Inji yana rawa, yana tsallake wuta: yana iya zama fulogi, ko koyil, ko nozul, ko famfo, ko dauɗar bawul. Makaniken da ya san motar zai jona na'ura ya karanta matsin mai, ya ga wace silinda ce, ya musanya koyil ya ga ko ciwon ya bi shi. Wanda bai sani ba zai ce, "Oga, mu canza wannan mu gani." Sabon shiga ba shi da yadda zai bambance su biyun sai aljihunsa ya gaya masa. Na ga 335i da ta shafe wata bakwai a bayan wani gareji, ƙura ta rufe gilas har yara suna rubutu a kai, mai ita ya canza kaya uku masu tsada ba ko ɗaya a ciki da ya lalace. Wanda ya nace sai 335i, gara ya nemi ta 2011, mai injin N55 da turbo ɗaya da nozul masu sauƙi, kuma ya fara nemo makanike kafin ya nemo mota.

Golf GTI ba zan daɗe a kanta ba. Sunan Golf yana kwantar wa mutanenmu hankali, saboda mun saba da Golf 3 da ke jigilar fasinja da buhuna tsakanin garuruwa ba ta gajiya. GTI ta zubi na biyar, irin wannan ta 2007, wata halitta ce daban. Lita 2 ce da turbo, ƙarfin doki 200, tayoyin gaba ke ja, ba ta da nauyi, kuma ita ce mafi ƙarancin shan mai a cikin huɗun. A cikin gari tana da daɗi ƙwarai, ga but mai ɗaukar kaya. Tana da wani ɗan ƙarfe kamar hular yatsa da ke tsakanin famfon mai mai matsi da sandar kam, wato sandar da ke buɗe bawul. Yana cinyewa a hankali, in ya huje sai ya ci famfon ya ci sandar. Shi kansa ba shi da tsada, kuma kusoshi uku ake kwancewa a duba shi, amma sai wanda ya san da zamansa. Injin farko bel ne da shi, in ya tsinke bawul sun tafi, don haka in ba takardar da ta nuna ranar da aka canza shi, ka ɗauka ba a canza ba. Waɗanda aka yi daga tsakiyar 2008 zuwa sama akwai masu kaca, su kuma abin da ke ɗame kacar ne ke saki. Sai giyar DSG, wadda a waje kamar otomatik take, a ciki kuwa kuloci biyu ne da kwamfuta ke sarrafawa. Tana son a canza mata manta na musamman duk kilomita 60,000, kuma in aka zuba mata man giya na gama-gari an cuce ta. In GTI ce mai giyar hannu, kuma an ga ɗan ƙarfen nan da ido, zan iya cewa bismillah. In mai DSG ce da ke fizga wajen tashi ko tana jinkirin shiga ribas, a bar wa mai ita.

Lexus ɗin ce yaron ya fi rainawa. "Yaya, ai wannan Toyota ce da kwat." Na ce masa eh, kuma abin da ya sa nake son ta ke nan. IS 350 tana da V6 mai lita 3.5, ƙarfin doki 306, wato 335i ba ta fi ta ƙarfin doki ba a takarda, kuma tana kaiwa kilomita 100 cikin kusan daƙiƙa shida. Tayoyin baya ke tura ta. Ba turbo, don haka babu duk abin da ke biyo bayan turbo. Injinta, 2GR-FSE, yana da nozul goma sha biyu: shida suna fesawa cikin silinda, shida a bakin bawul. Waɗannan shidan na biyu suna wanke bawul, shi ya sa ba ta fama da taruwar dauɗar da ke damun ƙanwarta IS 250, wadda ke da na cikin silinda kaɗai da ƙarfin doki 204. A kula da wannan sosai, domin canza tambarin IS 250 ya koma IS 350 a but ba ya ɗaukar minti biyar. Takardar da ke manne a cikin bonet tana nuna girman inji, lambar shasi ma tana nunawa.

Tana da nata laifuffukan. Dasbod ɗin na shekarun farko yana narkewa a zafi ya yi danƙo, ya riƙa ƙyalli yana kashe ido da rana, har kamfanin ya yi shirin canza wa masu su a Amurka. A 2010 an kira wasu daga cikinsu saboda sifirin ɗin bawul, kuma da lambar shasi ana iya bincika ko an yi wa wadda ke gabanka. Famfon ruwa yana yoyo in ya tsufa, amma yana nuna alama, za ka ga busasshen ruwan hoda a gefensa. Birkin baya yana maƙalewa, tana cin taya ta ciki, kuma tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a juya su. Kujerar baya matsattsiya ce, babba ba zai ji daɗin doguwar tafiya ba. Giyar otomatik kaɗai gare ta, kuma gaskiya sitiyarinta bai kai na BMW magana da hannu ba. Injin ɗan gidan su Camry V6 da Highlander da RX 350 ne, don haka makanikanmu ba baƙonsu ba ne, ko da yake kada wani ya ce maka duk kayansu ɗaya ne, ba haka ba ne. Sannan ta fi sauran riƙe farashi. Wannan yana da ciwo ranar saye, yana da daɗi ranar sayarwa. Abin lura shi ne, ba a sayar da IS 350 ta wannan zubin a Turai ba, yawancin waɗanda ke nan daga Amurka suka zo, da yawa ta hanyar gwanjon motocin da suka yi hatsari. In ka ga mai araha sosai, tambayar farko ita ce me ya same ta a can.

Ya tambaye ni, "Benz fa?" C350 ta zubin W204 tana tsakanin Lexus da BMW a wajen wahala. V6 ce mai lita 3.5 ba turbo, makanikan Benz kuma suna da yawa a Arewa. Makullin sitiyarinta na lantarki yana mutuwa ya hana mota tashi, kuma injinan M272 na farko-farko suna da wani haƙori a ciki da ke cinyewa da wuri. Tunda ba ta cikin huɗun da aka turo masa, muka wuce.

Akwai abin da ya shafe su duka, wato fetur. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin riƙe mota mai silinda shida ya canza, kuma duk wanda zai saya ya zauna ya auna tafiyarsa ta mako da abin da yake samu. Bayan tsada akwai inganci. An ƙera waɗannan motoci ne don fetur mai daraja sama da wanda aka saba samu a gidajen manmu. In fetur bai kai ba, ga kuma zafin da ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, inji yakan fara ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja da baya don ta kare shi, ƙarfi ya ragu. Masu turbo sun fi jin wannan. Kuma ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol ya lalata motocin mutane. A irin wannan rana, nozul mai tsada shi ne ya fi shan kashi. Baƙin mai ma haka: BMW biyun da Lexus kowace tana shan sama da lita shida, kuma mai laushi na zamani suke so, irin su 5W-30 ko 5W-40, ba mai kaurin da ake aunawa daga duro ba. Filtar iska kuwa, in hunturu ya shigo da ƙurarsa, a riƙa duba ta a kai a kai.

Sai maganar "ɗan gyara kaɗan", wadda a ganina ta fi sunan motar muhimmanci. Gyara iri biyu ne. Akwai wanda ake ganin iyakarsa: shokozoba, bush, birki, taya, gilas da ya ƙi tashi, gasket ɗin murfi mai yoyo, dasbod da ya narke. Wannan alheri ne ga mai saye, domin zai sa a rage maka kuɗi, kuma kana iya zuwa kasuwa ka tambayo farashin kayan kafin ka yi tayi. Akwai kuma wanda ba a ganin ƙarshensa. In aka ce "ta taɓa yin zafi amma an yi mata top", ko giya tana zamewa "sai an canza mai kawai", ko ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga wayoyi an yanke an naɗe da salatif, to ka yi sallama cikin mutunci. Ka tambayi kanka: in gyaran ƙarami ne da gaske, me ya hana mai ita ya yi ya sayar da tsada? Mafi muni ita ce motar ambaliya. Guguwa irin Harvey da ta nutsar da birnin Houston a 2017 tana barin motoci birjik, kuma wasunsu jirgin ruwa suke hawa. Za a wanke su tas, amma laka tana maƙalewa a ƙarƙashin kafet, a ramin safaya, da kan ƙarafunan kujera, kuma in ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe wani lokacin za ka ga layin da ruwa ya tsaya. Mota mai kwamfutoci da yawa in ta sha ruwa, yau wannan ne zai mutu, gobe wancan, har ka gaji.

Ranar dubawa a je da sassafe, a taɓa bonet a tabbatar da sanyi, domin inji mai zafi yana ɓoye hayaƙi da ƙara da wahalar tashi. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ga fitilar inji da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu bayan an tayar. In ba su kama ba sam, an rufe su ne ko an cire. A jona na'ura, kuma a duba ko ba a jima da goge laifuffukan ba, na'ura mai kyau tana nunawa. A leƙa salansa a ga ko an fasa an kwashe abin tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi. A shiga rami. A ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17, a bincika tarihinta a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjo ana samu. A tabbatar da takardun kwastam, domin a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma wadda takardunta ba su cika ba tana iya kwana a hannun hukuma. Makaniken da zai duba kuma ya zama naka, kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba.

Da ya gama saurare sai ya ce, "To Yaya, in kai ne fa?" Na tambaye shi ko akwai wata motar da zai hau zuwa aiki ranar da wannan ta kwana a gareji. Ya ce babu. Na tambaye shi ko yana sha'awar ya ɓata hannunsa da baƙin mai ranar Asabar, ko tuƙin kawai yake so. Ya yi shiru, sannan ya ce tuƙin. Na ce to Lexus ce taka, in tarihinta ya fito da tsabta, ko da za ta cinye maka fiye da yadda ka so. Da ya ce min yana son koyon inji kuma yana da babur ɗin da zai rufa masa asiri, da 330i zan nuna masa, da sharaɗin kayan ruwa sababbi kafin ta taka babban titi. GTI sai in mai giyar hannu ce, tasa kuwa DSG ce. 335i na ce ya bar ta sai mota ta biyu ko ta uku, lokacin da kunnensa ya iya bambance ƙarar koyil da ta famfo. Kowace ya ɗauka, kada ya zuba duk abin da ya tara a kan saye. Ya ware kashi ɗaya cikin uku ya ajiye, domin wata ukun farko ne mota ke faɗa maka abin da mai ita na da ya ɓoye.

Mun yi da dillalin Lexus ɗin za mu zo ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe, kuma na roƙe shi kada kowa ya tayar da ita kafin mu iso. Makanikena zai zo da na'urarsa. Yaron kuma na ce ya turo min lambar shasin a daren nan, ya zo da tocila da tsohon kwalin da zai shimfiɗa, domin shi zai fara leƙa ƙarƙashinta da kansa.